Wutar Ƙarƙashin Randuna

Ranar da aka fara jifan gidan Usta Ilyasu mai aikin wuta, maraice ne irin na kullum a Umdurman, a shekarun nan kafin yaƙi ya watsa mutane. Rana ta sunkuya bayan katangu, zafin yini yana fita daga jikin bulo a hankali. Matarsa Ni'mat ta yayyafa ruwa a tsakar gida, ta fito da gadajen igiya ta jera. 'Yarsu Mayada, wadda ita kaɗai Allah ya bar musu, tana tsugune gaban murhun gawayi tana haɗa shayin magariba. Shi kuwa Ilyasu ya cire takalmi ya miƙe ƙafa, yana kallon wani akwati mai ruwan toka da ya kafa a bango kwana tara da suka wuce, irin kallon da uba ke yi wa ɗansa ranar saukar karatu.

Akwatin dai ya cancanci kallo. A kasuwar Suk al-Arabi ya sayo shi. A cikinsa akwai 'yan makunnai guda huɗu da masu sana'ar ke kira rile, waɗanda ke buɗe wuta su rufe da kansu ba sai an sa hannu ba. Ɗaya ya haɗa da fitilar ƙofar gida, ɗaya da fankar rumfa, ɗaya ya bar shi babu komai, na huɗun kuma ya ba injin ruwa. Don wannan na huɗun aka sha duk wahalar. Ruwan famfo a unguwarsu sai ya ga dama yake zuwa, kuma ba ya sallama. A da sai an kasa kunne, da bututu ya yi tari a ruga a kunna inji kafin maƙwabta su zuƙe. Yanzu kuwa da ruwa ya iso akwatin zai ce ƙas, inji ya tashi, tankin saman ɗaki ya cika, ya sake cewa ƙas, shi ke nan.

Ladan ya ɗaga murya ke nan sai akwatin ya ce ƙas. Injin bai gama tashi ba dutse ya faɗo tsakar gida, daf da ƙafar Mayada.

Ilyasu ya leƙa waje da zagi a bakinsa, ya tarar da lungu fayau, sai wata akuya tana cin kwali. Kafin ya dawo na biyu da na uku sun sauka. Ni'mat ta ɗauki ɗaya ta yar da shi nan take, don da zafi yake, ga shi jiƙe, da baƙar laka a jikinsa. Aka kwashe kofuna aka sha shayin a ɗaki, cikin zufa.

Ga yadda aka yi aikin akwatin, don a nan maganar take. Masu aikin wuta a birnin nan suna da wata ɗabi'a: idan an ɗauke wuta sai su ce lokacin aiki ya yi, tunda babu abin da zai ja mutum. Ilyasu ya shekara ashirin da shida yana ɗaura wayoyi a masana'antun Bahri, kuma a can ba ya taɓa waya sai ya gwada ta da testa, 'yar na'urar gano wuta, sannan ya sauke babban makunni. Amma a gidansa, wata Juma'a da wuta ta tafi tun hantsi, sai ya ce bari ya ci moriyar zaman banza. Wayoyi biyu ne suka fito daga bango tun zamanin mahaifinsa, fenti ya shafe su har ba a bambanta ja da baƙa. Ɗaya mai wuta ce, ɗaya mai sanyi, wadda wutar ke komawa ta cikinta. Ƙa'ida ita ce rile ya yanke mai wutar. Ita kuwa testa ba ta magana idan layi babu wuta. Ya dubi wayoyin nan, ya zaɓi ta dama, ya ce ai idonsa ya san aikinsa. Da wuta ta dawo ya gwada, inji ya tashi, ya tsaya, sai ya rufe murfi ya ɗaure. Akwai kuma wata na'ura da ke katse wuta da zarar ta fara yoyo. Ya saye ta, amma wani maigida a Bahri ya matsa masa, sai ya sa masa ita, ya ce ta gidansa ta jira.

Abu ɗaya ne bai yi wasa da shi ba, wato ƙarfen ƙasa da suke kira ardi. Sanda ce ta tagulla da ake kafawa a ƙasa a haɗa ta da jikin inji, don idan wuta ta ɓata hanya ta bi ta can maimakon ta bi ta jikin mutum. Sandar na son ƙasa mai damshi, kuma duk gidan babu inda ya kai kusurwar randuna damshi, inda randunan ruwa biyu suka shekara hamsin suna ɗiga. Ni'mat ta gan shi da guduma, ta kira shi da alkunyarsa ta ce, "Abu Mayada, nan ne fa wurin da Hajiya ba ta bari a zuba ko ruwan ɗumi." Gaskiya ta faɗa. Marigayiya Nana Khadija, mahaifiyarsa, ko ruwan wankin shinkafa za ta zubar a kusurwar nan sai ta yi bisimilla ta ce dastur sau uku, wato a kauce. Ilyasu ya yi dariya ya ce, "Ƙarfe ne, ba ruwan zafi ba." Ya buga shi har kansa ya nutse, bai ce wa kowa ya kauce ba.

Daga ranar jifan farko ba a sake fashi ba. Da rana ta yi ja duwatsu za su fara sauka, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kuma ba su taɓa samun kowa ba. A kwana na huɗu aka fara jin wani abu cikin bututu, siriri, kamar kukan jaririn da ya gaji da kuka. Ƙasar kusurwar randuna ta bushe ta tsattsage alhali randunan na ɗiga kamar kullum, ruwan cikinsu kuma ya daina sanyi.

Ni'mat ta ce ya buɗe akwatin nan ya duba, tunda kafin zuwansa lafiya ake kwana. Ransa ya ɓaci. Mutumin da yinin Allah yana buɗe aikin wasu yana girgiza kai, yau a ce masa ya buɗe nasa. Wanzami ba ya son jarfa. Don ya rufe mata baki sai ya kashe rilen injin kwana biyu cur, aka koma ɗibar ruwa da jarka. Jifa bai tsaya ba, kukan bututu ma sai da ya ƙaru. Ya ce, "Kin gani ko? Inji a kashe, babu ko ɗigon wuta a wurin nan. Ki nemi wani abin ki ɗora wa laifi."

A kwana na goma sha ɗaya kukan ya ɗauke. Ilyasu har ya ji sanyi a ransa. Da magariba Mayada ta ɗauki kofuna ta nufi famfo, aka jima ba a ji ƙarar ruwa ba. Ni'mat ta leƙa ta tarar da ita durƙushe a kusurwar randuna tana tonon ƙasa da farce a gindin ƙarfen, yatsunta duk jini. Da aka janye ta sai ta zauna ta naɗe hannuwa a ƙirji tana jijjiga su, kamar mai rarrashin goyo. Sannan ta ɗago ta dubi ubanta ta ce, "Ya yi shiru yanzu. Ka ji daɗi?"

Muryar ta tsohuwa ce, amma ba ita ta fi tsorata shi ba. Mayada 'yar zamani ce, ba ta haɗa kalma biyar ta Hausa ba tare da ta zame cikin Larabci ba. Wannan kuwa Hausa ce tsantsa mai nauyi, irin wadda rabonsa da ji tun kakarsa na da rai.

Kwana uku ba ta ci ba, ba ta sha ba, ba ta sauke hannuwan nan ba. An kai ta asibiti an ƙara mata ruwa, likita ya ce bai ga komai ba, aka dawo da ita. Leɓenta ya tsage, idanunta suka faɗa. Ilyasu ya binne 'ya'ya biyu a baya, tun suna ƙanana, kuma ya san yadda fuska ke komawa idan tafiya ta matso. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba ko a gaban manyan wayoyin masana'anta. A rana ta huɗu ya ajiye girman kai ya hau mota zuwa unguwar Kalakla, ya ɗauko wani malami, Faki Salih.

Faki Salih tsoho ne siriri, ɗan Hausawan da suka daɗe a ƙasar, da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Bai zo da komai ba sai tasbaha da 'yar leda ta turaren hayaƙi. Sun iso bayan la'asar. Ni'mat ta kawo masa ruwan randa, ya kai bakinsa, ya sauke bai sha ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a rumfa, aka lulluɓe Mayada da mayafin uwarta, ya zauna nesa da ita kaɗan ya fara karatu. Ba ya ɗaga murya. Ya daɗe yana yi, har inuwar katanga ta rufe rabin tsakar gida, sannan mayafin ya motsa.

"Ya isa, Malam. Ni ma na san ayoyin nan."

"Ke Musulma ce?"

"Tun ba a haifi kakanka ba."

"Me ya kawo ki gidan mutane?"

Aka yi wata 'yar dariya marar daɗi a ƙarƙashin mayafin. "Gidan mutane. Tare muka taso da kakan wannan daga yamma, a ƙasa, shekara bakwai muna hanyar Makka. Inda ya sauke kaya nan muka sauke. Ya ɗauki sama, muka ɗauki ƙasan randuna. Nana Khadija ta san da zamanmu, ba ta taɓa ƙona mu ko da ruwan shayi ba. Sai ɗanta ya soko mana ƙarfe ta rufin ɗaki, daidai inda nake kwantar da ɗana. Ba mu yi magana ba, mun ce ƙarfe ne. Sai wuta ta fara sauka ta jikinsa, ba dare ba rana."

Faki ya ce, "Me ya hana ku matsawa?"

"Ƙasar duk ta ɗauka. Ina za ni da jariri mai ƙuna? Na yi jifa, na bar kukansa ya hau bututu don a ji. An ji. Shekaranjiya waccan ya cika."

Ilyasu ya kasa haƙuri. Ya ce, "Ya Sheh, wallahi wannan ba zai yiwu ba. Na kashe injin kwana biyu. Idan rile ya buɗe, shi ke nan, wuta ba ta wucewa."

Kan da ke cikin mayafin ya juyo wajensa a hankali. "Yanzu injin naka a kashe yake?"

"A kashe yake."

"To je ka tambaye shi."

Faki Salih ya dube shi ta saman tabarau ya ce, "Usta, ni ban san aikinku ba. Amma ka je."

Ya ɗauko testa daga aljihun rigarsa. Injin na zaune shiru a gindin bango, sanyi ƙalau, jikinsa da tsatsar damshi. Ya kwance ɗan murfin da wayoyi ke shiga, ya ɗora bakin testa a kan wayar, ya sa babban yatsa a bayanta. 'Yar fitilar ciki ta kama, ja wur.

Ya daɗe a tsugune yana kallonta. Ba sai an yi masa bayani ba. Waya mai sanyi ya ba rile ya yanke, mai wutar kuwa ta wuce kai tsaye cikin inji, tana zaune a ciki ko yana aiki ko yana hutu. Damshi ya ci naɗin wayoyin cikin injin, wuta ta samu kafa tana yoyo zuwa jikin ƙarfe, daga nan ta bi wayar ardi ta sauka ƙarƙashin randuna. Na'urar da za ta katse ta tun ranar farko tana can Bahri a gidan wani. Kwana ashirin da uku ke nan.

Ya zabura ya nufi sandar zai tumɓuke ta, sai ya tsaya cak. Idan ya cire ta alhali wuta na layi, yoyon nan ba shi da wata hanya sai bututu, sai famfo, sai hannun duk wanda ya murɗa shi. Kuma a gidan nan Mayada ce mai wanke-wanke. Sai a lokacin ya gane cewa abin da ya kashe ɗan tsohuwar nan, 'yarsa aka aiko wa. Ya juya ya je ya sauke babban makunnin gidan gaba ɗaya. Fankar rumfa ta yi ta lilo har ta tsaya.

Daga cikin mayafin aka sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sannan aka ce, "Kwana ashirin da uku, ashe abin da ake buƙata ke nan. Yatsa ɗaya."

Ilyasu ya dawo ya durƙusa a bakin tabarma. Ya ce, "Laifina ne. Ban gwada ba."

Faki ya ce, "Kin ji ya amsa. Me kike nema?"

"Rai da rai."

Ni'mat ta toshe bakinta da gefen zane. Faki Salih bai ko motsa ba. Ya ce, "Kin ce ke Musulma ce, to kin san kisan kuskure ba a ɗaukar rai a kansa. Kuma yarinyar nan ba ita ta riƙe guduma ba."

"Kafa ƙarfen kuskure ne. Waya kuskure ce. Da matarsa ta ce ya buɗe akwati ya ƙi, shi ma kuskure ne, Malam?"

Faki ya ja tasbaharsa. Can ya ce, "Girman kai ne, kuma Allah ya gani. Amma idan kika ɗauki ranta kin zama azzaluma, kuma zan tsaya a kanki da abin da na sani har ɗayanmu ya faɗi. Ga abin da zan iya yi miki. Wutar gidan nan ba za ta dawo ba sai ya gyara aikinsa a gabana. Za a zare ƙarfen da bisimilla, a kai shi wajen ƙofa bayan an yi shelar kwana uku. Za a yanka rago a raba sadaka da sunan mamacinki. Kusurwar nan kuma taku ce muddin gidan na tsaye."

"Ku riƙe kusurwarku. Ba na sake kwana inda na ji ƙaurin ɗana." Hannuwan da ke jijjiga suka tsaya. "Na bar mata ranta, don Nana Khadija. Zan fita."

"Ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu za ki fita."

"Ta hannun dama zan fita. Inda na bi kuma ba zai koma yadda yake ba."

Ilyasu ya miƙa nasa hannun a kan tabarma. Ya ce, "Iya, don girman Allah, ga wanda ya yi aikin. Ki ɗauki wannan."

"A'a. Idan na ɗauki naka za ka ce ka biya, ka samu barci. Ni ba a biya ni ba. Ka riƙe hannunka ka yi ta gyaran wayoyi da shi."

Faki ya ɗaga murya a karon farko, ya kama karatu da ƙarfi yana umartar ta da ta bi ƙafa, amma ta riga shi. Hannun dama na Mayada ya fito daga cikin mayafi ya miƙe a sanƙare, yatsun suka buɗe, suka yi karkarwa, sannan suka lanƙwashe ciki ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙauri ya ratsa rumfar ya wuce. A kusurwa randa ɗaya ta tsage daga wuya har gindi, ruwanta ya kwarara ƙasa ta shanye. Ana cikin haka aka kira magariba, kuma ranar ba a yi jifa ba.

Mayada ta yaye mayafi ta ce da muryarta, cikin Larabcinta, tana jin ƙishirwa.

Washegari Ilyasu ya yi aikin a gaban Faki Salih. Ya ɗaga makunni ya gwada kowace waya da wuta a layi kafin ya sake sauke shi, ya naɗa wa mai wutar jan salatif, ya mayar da ita kan rile, ya canza injin, ya sa na'urar katse yoyo a gaban komai. Aikin da bai kai awa biyu ba. An yi shela, an mayar da ƙarfe wajen ƙofa, an yanka rago. Gidan ya yi lafiya, ruwa na hawa tanki da kansa.

Yatsun Mayada ba su buɗe ba. An je asibiti biyu, an yi gashi, an sha rubutu. Ba ta tuna komai na kwanakin nan, kuma Ni'mat ta roƙi kowa da a ce mata zazzaɓi ne ya taɓa jijiya. Ta koyi cin abinci da hagu, tana jin kunya idan akwai baƙi. Kowace yamma Ilyasu zai dawo daga Bahri, ya wanke hannu, ya zauna kusa da ita ya riƙa shafa wa yatsun man riɗi, duk da ya san ba za su miƙe ba.

Wata yamma, bayan wata biyu, yana cikin shafawa ta ce, da irin kiran da take yi wa uba da uwa a Larabce, "Yaba, Yumma ta ce zazzaɓi ne. Amma ban taɓa ganin wanda zazzaɓi ya yi wa haka ba."

Ni'mat da ke bakin murhu ta ɗago tana roƙonsa da ido. Bai dube ta ba. Ya ce, "Ba zazzaɓi ba ne, 'yata. Aikina ne." Ya gaya mata duka, tun daga wayoyi biyun nan har ranar da aka ce ya buɗe akwati ya ƙi, bai rage wa kansa komai ba.

Ta janye hannunta ta ɗora a cinya, ta daɗe tana kallonsa. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana jiran duk abin da za ta faɗa, ya san ya cancance shi. Can sai ta sake miƙo masa hannun, don saura yatsu biyu bai shafa ba.